Yadda hirar aiki ta dagule a wani ƙaramin kamfani, da yadda aka warware ta cikin wata shida

Yadda wurin yake tun farko

Kamfanin ƙarami ne, mutum 17 ne gaba ɗaya har da oga, aikinsu haɗa shafukan intanet da zanen talla ga kwastomomi. Kashi uku ne, akwai masu zane, akwai masu rubuta kod, sai mu masu hulɗa da kwastoma, mu ke karɓo aiki mu kuma miƙa shi in an gama. Kusan rabi a ofis suke zama sauran daga gida, akwai ma biyu da ke wata ƙasa, agogonsu yana gaban na ofis da awa uku. Ni aka ɗora wa gyaran daga baya, shi ya sa nake da bayanin abin da ya faru wata bayan wata. Sunan kamfanin da na mutanen dai ba zan kama ba.

Duk hirar aiki a guruf ɗaya na WhatsApp ake yinta, wanda aka buɗe tun ana mutum biyar. Lokacin da ana biyar lafiya lau, kowa yana karanta komai kuma kowa ya san aikin kowa. Da aka yi yawa sai ya zama a layi ɗaya kake ganin ina kwana, da umarnin oga, da fayil ɗin zane, da ƙorafin kwastoma da wani ya yi fowadin, da cigiyar caja, da barkwanci, duk a jere wani kan wani. Yawan mutane bai dami WhatsApp ba, tun ƙarshen 2022 guruf ɗaya yake ɗaukar mutum 1,024, to 17 ai ba komai ba ne. Abin da ya dame mu shi ne magana biyar tana tafiya lokaci guda a hanya ɗaya, sannan a wancan lokacin duk sabon ma'aikacin da aka saka ba ya ganin abin da aka tattauna kafin zuwansa, sai dai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana tambaya.

Ranar da abin ya fashe

Wani kwastoma ya turo wa oga boyis cewa an ɗage ranar taronsu, a canza a shafi da kuma fosta. Oga ya yi fowadin ɗin boyis ɗin cikin guruf wajen ƙarfe 11 na dare, bai rubuta komai a ƙasa ba, ya kwanta. Kafin masu zane su zauna da safe saƙonni sun taru a kai, gaisuwa ce, hotunan wani aikin daban ne, gardama ce kan launi, boyis ɗin ya yi sama can. Mai zanen ta gan shi fa, amma ba sunanta ba sunan aikin, ta ɗauka na wasu ne ta wuce. Aiki ya fita da tsohuwar rana.

Kwana biyu aka yi ana sake aikin ana ba kwastoma haƙuri. A mitin oga yana cewa “ai na turo, kowa ya gani”, ita kuma tana cewa “ranka ya daɗe na ga boyis amma ban san nawa ba ne”, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa. A nan aka yanke cewa za a bar WhatsApp a koma manhajar da aka yi don aiki.

Wata na 1: ƙaura zuwa Slack

An ɗan yi ja tsakanin Slack da Microsoft Teams. Slack ya riga fitowa, tun 2013, Teams kuma 2017 kuma yana tafiya ne tare da sauran kayan ofis na Microsoft waɗanda mu ba da su muke aiki ba. Ɗaya daga cikin masu kod ya taɓa amfani da Slack a wani wuri, ga shi akwai tsarin kyauta, shi ke nan aka zaɓe shi. Rana ɗaya aka buɗe chanel shida (chanel a Slack ɗakin hira ne da ake ware wa wani batu ko wani kashi), na kowa da kowa wato #general, sai ɗaya ga kowane kashi, ɗaya na kwastomomi, ɗaya na hira.

Mako biyu da shiga, tsugune ba ta ƙare ba. Mutane sun kwaso halin guruf ɗungurungum sun juye a #general, nan ake gaisuwa nan ake turo fayil nan ake tambayar wa'adi, sauran chanel biyar ɗin fayau. Kuma ba wanda ya rufe tsohon guruf, don haka duk wanda ya ga an jima ba a amsa masa a Slack ba sai ya koma WhatsApp ya maimaita, wasu su amsa a nan wasu a can. Da wuri ɗaya muke nema, yanzu biyu.

Sai kuma maganar @channel. Ga wanda bai sani ba, in ka rubuta @channel kowa da ke cikin wannan chanel ɗin za a sanar da shi ko yana kan layi ko ba ya nan, @here kuma waɗanda ke kan layi a lokacin kawai yake taɓawa. Oga tun abin boyis ɗin nan yake tsoron kada a sake cewa ba a gani ba, sai ya zama kusan kowane saƙonsa da @channel yake farawa, ko da mutum ɗaya yake nufi. Waɗanda ke wata ƙasa waya tana musu ƙara suna barci. Kafin wata ya ƙare mutane da yawa sun sa #general a shiru, wasu sun kashe sanarwar manhajar gaba ɗaya. Da oga ya lura ana jinkirin amsa masa sai ya koma bin mutane ta inbos ɗaya-ɗaya, a can kam nan take ake amsawa, wa zai bar saƙon oga yana jira.

Wata na 2: chanel 41

Shawarar da aka kawo ita ce tunda #general ya cushe, to a rarraba, kowane aiki da chanel ɗinsa, kuma aka bar kowa da ikon buɗewa. Kai, nan fa aka yi gyaran gangar auzinawa. Aiki ɗaya sai ka ga chanel uku, #sabon-shafi da #shafi-sabo da #shafi-2, don wanda ya buɗe na biyu bai duba ko akwai na farko ba. Wani don tambaya ɗaya tak zai buɗe chanel, a amsa, a bar shi nan har abada. Ranar ƙarshe ta watan na ƙirga, 41 ne, ga mutum 17.

Abin da ya biyo baya shi ne mutum yana da magana bai san inda zai ajiye ta ba, sai ya manna ta a wuri uku don kada ta ɓata. A ɗaya mai kod ya ce za a iya kafin ƙarshen mako, a ɗayan mai zane ta ce ba zai yiwu ba, su biyun ba su ga amsar juna ba, mai hulɗa da kwastoma kuma ya ɗauki wadda ta fi masa daɗi ya faɗa wa kwastoma. Sau biyu hakan ta faru a watan nan, ba a yi asarar aiki ba amma an sha kunya.

Wata na 3: takardar doka, da abin da ya faru a rana ta 91

Nan ne aka ce ni in tsara. Na zauna na rubuta takarda shafi huɗu, doka 23, wane saƙo ke zuwa wane chanel, yaushe ake tagin, yadda ake sa wa fayil suna, komai. Na maƙala ta a saman #general, kowa ya danna imojin babban yatsa, kuma ina da yaƙinin waɗanda suka karanta ta har ƙarshe ba su kai biyar ba. Sai na koma ɗan sanda, duk wanda ya yi rubutu a inda bai dace ba in bi shi da “Malam wannan ba nan ba ne, duba doka ta 7”. Mutum babba ya yi tambaya a gaban jama'a a ce masa ya yi kuskuren ɗaki, ai ba zai sake ba. Chanel suka yi tsit. Oga har ya yaba min a mitin wai an samu natsuwa, ni ma na ji daɗi, alhali hirar ta koma inbos ne da ƙananan guruf na mutum uku-uku da ba wanda ke gani.

Ana cikin haka wani kwastoma ya musanta cewa shi ya amince da wani tsari na shafinsa, mu kuma mun san ya amince tun makon farko da muka shiga Slack, an ma saka sikirinshot. Muka je nema babu. Ashe tsarin kyauta na Slack saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nunawa, haka yake tun 1 ga Satumba 2022, kafin nan iyakar saƙo 10,000 ce. Daga 2024 kuma abin da ya wuce shekara ɗaya a tsarin kyauta gogewa ake yi gaba ɗaya. A rubuce yake a shafinsu ƙarara, mu ne ba mu karanta ba, muka mayar da wurin hira ma'ajiyar takardu.

Oga ya ce to a biya kuɗi kawai a huta. Babbar mai zanenmu, wadda duk muke kira Anti, ta ce “ranka ya daɗe a biya ba laifi, amma na makon jiya ma da bai ɓace ba, wa zai iya nemo min shi yanzu?” Aka yi shiru. An bar maganar biya sai an ga inda matsalar take tukun.

Wata na 4, makon farko: ƙirga

Na ajiye takardar doka na yi wani abu mai sauƙi. Na ɗauki shawarwari 20 na baya-bayan nan da aka yanke kan ayyukan kwastomomi, irin su an canza wa'adi, an amince da zane, an cire wani shafi, na bi kowace na ga a ina aka yanke ta. Tara a inbos ɗin oga suke, huɗu a WhatsApp, uku da baki ko ta waya ba a rubuta ko'ina ba, huɗu ne kacal a chanel ɗin aikin. Waɗannan huɗun ma sai da na yi ta gungurawa sama kafin na gane su, don babu abin da ya bambanta “to a yi hakan” na yanke magana da “to a yi hakan” na wanda ke ba da ra'ayi.

Na kai wa oga lissafin shi kaɗai a ofishinsa, ban kai mitin ba, don taran nan nasa ne kuma ba na so ya ji kamar an tara masa jama'a. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce shi fa sauƙin mutane yake nema shi ya sa yake binsu inbos. Na ce na sani, amma duk abin da ya yanke da mutum ɗaya, sauran huɗun da ke kan aikin sai dai su ji a bakin wani.

Wata na 4 zuwa na 5: abin da aka canza

Chanel aka fara ragewa, daga 41 zuwa 9. Ba gogewa muka yi ba, adanawa muka yi, a Slack in ka adana chanel ba a iya sabon rubutu a ciki amma yana nan ana iya dawo da shi in an buƙata, wannan ya kwantar da hankalin masu cewa kada a taɓa musu nasu. Kowane aikin kwastoma da ke tafiya chanel ɗaya, sunan ya fara da aiki- sannan sunan aikin, don su jeru wuri ɗaya, in an miƙa aiki a adana chanel ɗin a ranar. #general ya zama na sanarwa zalla, mutum biyu ne ke iya rubutu. Ɗaya na neman taimako, ɗaya na hira inda gaisuwa da barkwanci suka koma, kuma ba a hana kowa ba. Buɗe sabon chanel ya koma hannun mutum biyu. Guruf ɗin WhatsApp aka mayar da shi admin kaɗai ke rubutu, da saƙo ɗaya da ke cewa aiki ya koma can.

Doka 23 ta koma uku, kuma ukun duk kan zare suke. Zare shi ne amsoshin da ke taruwa a ƙarƙashin saƙo ɗaya ba tare da sun cika chanel ba, Slack ya kawo shi tun Janairun 2017 amma mu wata uku muna ciki kusan ba mai taɓa shi. Ta farko, duk sabuwar magana ta fara da layi ɗaya da ke faɗin me ake so, daga wa, zuwa yaushe, misali “Fostar taro, ina buƙatar amincewar Anti kan rubutun sama kafin ƙarfe 3 gobe”, duk amsa kuma ta shiga zaren. In boyis ne ko sikirinshot, dole layin nan ya raka shi, saboda kalmar da ke cikin murya ba lallai ne ta fito ba in ka yi sachin. Ta biyu, wanda ya buɗe magana shi zai rufe ta, ya rubuta saƙon ƙarshe da ya fara da “An yanke:” ya kuma danna ɗan akwatin da ke sa amsar zare ta fito a chanel kowa ya gani. Da wannan, in ka rubuta “An yanke” a wurin sachin ka haɗa da kalmar “in:” da sunan chanel, duk shawarwarin aikin za su jeru maka. Ta uku, ya kwafi layin nan ya saka a takardar aikin da ke wajen Slack wadda kowa ke iya buɗewa, da kwanan wata, don kwana 90 ba ta shafe ta ba.

Gaggawa kuma aka ce a buga waya. Saƙon chanel ana sa ran amsa shi cikin ranar aiki, ba nan take ba, @channel sai a sanarwa kawai. Wanda tunani ya zo masa da dare ya rubuta ya saita saƙon ya tafi da safe, akwai wannan a Slack tun 2021. Ɗaya daga cikin masu kod ne ya fi nacewa kan wannan, ya kawo maganar binciken Gloria Mark ta jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, wadda ta gano cewa in aka katse mutum daga aiki yakan ɗauki sama da minti 20 kafin ya dawo kansa. Su masu kod sun fi kowa jin abin a jiki. Faransa ma tun farkon 2017 take da dokar da ta sa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna ƙa'idar saƙon aiki bayan an tashi, mu dai namu yarjejeniya ce ta baki.

Ni ma na canza salo. In mutum ya yi rubutu a inda bai dace ba na daina ce masa komai, sai in kwafi saƙon in kai shi chanel ɗin da ya dace in yi taginsa in amsa a can. Sau biyu sau uku mutum ya gane da kansa, ba a kunyata shi ba.

Mafi wuya shi ne oga. Ya yarda cewa duk wanda ya kawo masa maganar aiki ta inbos zai ce “saka a chanel ɗin aikin, zan amsa a can”, kuma ya amsa ɗin da wuri. Makon farko da na biyu ya yi ta mantawa, ya amsa a inbos sannan ya tuna ya kwafo. Amma da mutane suka ga a chanel ake samun amsarsa da sauri, ba wanda ya sake musu wa'azi, da kansu suka dawo. An kuma fayyace abin da zai ci gaba da zama a inbos, albashi, hutu, rashin lafiya, da gyara wa mutum kuskurensa.

Ba duka ne ya yi ba a wannan zagayen. Mun gwada a riƙa karɓa-karɓa mutum ɗaya ya rubuta taƙaitaccen abin da ya gudana kowace yamma, kwana tara ya mutu, ba mai karantawa kuma aiki ne a kan aiki. Zare ma ya kawo tasa matsalar, wani ya kai amsa 80 an fara da launi an ƙare da wa'adin wani shafi daban, sai da aka ƙara cewa sabuwar tambaya sabon zare. Wani ya ce mu koma Zulip, wanda shi an gina shi ne a kan kowace magana ta shiga ƙarƙashin wani take, gaskiya tsarin ya dace da abin da muke ƙoƙarin yi, amma ba wanda ke da ƙarfin ƙaura ta biyu cikin wata biyar, aka bar shi.

Wata na 6: sake ƙirga

Na maimaita ƙirgar farko da sababbin shawarwari 20. Sha biyar suna chanel ɗin aikinsu da “An yanke:” a kai kuma suna cikin takarda, uku a inbos, biyu da baki, WhatsApp babu ko ɗaya. Chanel 11 ne a buɗe saboda an karɓi sababbin ayyuka. An ɗauki sabuwar ma'aikaciya a watan, aka ba ta takardun ayyuka uku da chanel ɗinsu, a rana ta biyu tana amsa wa kwastoma tambaya. An biya kuɗin Slack daga ƙarshe, amma saboda wani dalili ne daban, ana so a shigo da wasu kwastomomi cikin chanel ɗin aikinsu.

Me ya sa na farko suka faɗi na ƙarshe ya tsaya

A ganina duk gwaji ukun farko tambaya ɗaya suke amsawa, wato a ina za a yi magana, Slack ko WhatsApp, chanel shida ko 41, doka ta 7 ko ta 12. Boyis ɗin nan kuwa ya isa inda kowa yake, abin da ya rasa suna ne da mai shi, ba wanda aka ce naka ne kuma ba wanda ya tabbatar an rufe maganar. Ko a Slack aka turo shi haka tsirara da dare haka zai wuce. Layin buɗewa da layin “An yanke:” su ne suka toshe wannan ramin, kuma su biyun ana iya yinsu a Teams ko a WhatsApp ɗin ma, zare dai yana sauƙaƙa musu ne.

Takardata ta faɗi ne don ta sa rubutu a bainar jama'a ya zama abin tsoro, inbos kuma ba mai gyara maka, to ina mutum zai nufa. Rage chanel ya taimaka amma ni ban ɗauke shi babban dalili ba, da an rage su amma shawarwari taran nan suna nan a inbos ɗin oga, da chanel 9 ma shiru za su yi kamar yadda 41 suka yi. Mutane inda ake samun amsar mai yanke magana suke bi, kuma da ban kai masa ƙirgar shi kaɗai ba ina shakkar zai saurara.

Biyun nan na baki har yanzu ba a gama da su ba. Oga yakan yi waya da kwastoma a hanya su yanke abu, ya shigo ofis ya faɗa wa wanda ya fara cin karo da shi. Abin da muka tsayar shi ne duk wanda ya fara ji shi zai rubuta “An yanke:” ya yi tagin oga ya tabbatar, wani lokaci ana yi wani lokaci sai bayan kwana biyu wani ya tuna.